HAƘAR KUƊIN INTANET: ABIN DA YA WAJABA GA MAI NIYYAR FARAWA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya zuba arziki a cikinta, sa'an nan ya hori bayinsa da su neme shi ta hanyar halal. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a cikin shekarar 2024 wani al'amari ya shigo birnin Sakkwato kamar yadda ya shiga sauran biranen Arewa, watau abin nan da samari ke kira mainin, ko kuwa haƙar kuɗin intanet. Daga Mabera zuwa Arkilla, daga Runjin Sambo zuwa Gawon Nama, da wuya a wuce majalisa ba a tarar da matasa sun duƙufa a kan wayoyinsu suna ta dangwala fuskarta da yatsa ba. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun shiga, 'yan kasuwa sun shiga, matan aure a cikin ɗakunansu ma ba a bar su a baya ba. Wannan guguwa ta lafa daga bisani, amma ba ta ƙare ba, domin duk sa'ad da wata manhaja ta mutu sai wata ta tsiro, kuma kullum akwai sabon yaro da ya sami waya yana tambayar ta inda zai fara.

Wannan tambaya ta "ta ina zan fara" tana da amsa a Musulunci. Duk yaron da ya zauna gaban malami a zaure ya karanta littafin Ahalari ya ji cewa bai halatta ga baligi ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a kansa, in kuwa bai sani ba ya tambayi masana. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya hana wanda bai fahimci hukunce-hukuncen ciniki ba ya yi saye da sayarwa a kasuwar Musulmi. Saboda haka mafarin haƙa shi ne mutum ya san abu uku: wane aiki ne ake biyansa dominsa, wane ne mai biyan, kuma daga aljihun wa kuɗin ke fitowa. Wanda ya sami amsar waɗannan ya sami rabin hukunci.

SUNAN HAƘA DA ABIN DA KE ƘARƘASHINSA

Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa hukunci yana bin haƙiƙanin abu, ba ya bin sunan da aka laƙaba masa. Giya ba ta zama halal don an canza mata suna. To, kalmar haƙa tana sa Bahaushe ya tuna da masu tonon zinariya a Anka da Bukkuyum, ko masu fasa kanwa da gishiri, watau mutanen da ke fito da dukiyar da Allah ya ajiye a cikin ƙasa. Irin wannan ita ce ma'adinai, kuma littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya yi bayanin zakkarta. Haƙar intanet ba ta cikin wannan babi, gama babu wani abu da ke binne ana tono shi. Aron sunan kawai aka yi. Bugu da ƙari, a kasuwar yau abubuwa uku mabambanta ne suke yawo da wannan suna guda, kuma kowanne da hukuncinsa.

NA FARKO: HAƘA TA ASALI

A shekarar 2008 wani mutum, ko wasu mutane, da suka ɓoye a bayan sunan Satoshi Nakamoto suka fitar da bayanin wani kuɗi da ba shi da banki, ba shi da gwamnati, aka sa masa suna Bitcoin, ya fara aiki a watan Janairu na 2009. Matsalar da suka so warwarewa ita ce: idan babu banki, wa zai riƙe littafin da ke nuna wane ya biya wane? Sai suka shirya cewa littafin ya zama a buɗe, kowa yana iya riƙe kwafinsa, kuma a kowane minti 10 ko kusa da haka a ƙara masa shafi guda wanda ya ƙunshi cinikayyar da aka yi. Masu na'urori a ko'ina cikin duniya suna tsere wajen lalubo wata lamba wadda sai da ita shafin zai karɓu. Babu dabarar gano ta sai gwaji bayan gwaji, sau biliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya. Wanda na'urarsa ta riga dacewa shi ke rufe shafin, a ba shi lada na sababbin kuɗi tare da ɗan abin da masu cinikin suka biya. Wannan shi ne haƙa, watau aikin gadi da rubuta littafin lissafi.

Ladan kuwa sananne ne tun farko. Ya fara da Bitcoin 50 a kowane shafi, ya koma 25 a 2012, ya koma 12.5 a 2016, ya koma 6.25 a 2020, sa'an nan a watan Afrilu na 2024 ya koma 3.125. An kuma ƙayyade cewa jimlar abin da za a taɓa fitarwa ba za ta wuce miliyan 21 ba. Haka nan duk bayan shafi 2,016, watau kimanin mako biyu, tsarin yana ƙara wa lambar wuyar samu idan masu tseren sun ƙaru. Ma'anar wannan ita ce yawan mahaƙa ba ya ƙara yawan abin da ake rabawa, sai dai ya rage rabon kowa.

Waɗansu malaman zamani sun kwatanta wannan aiki da abin da fiƙihu ke kira ji'ala, watau a ce duk wanda ya cim ma abu kaza yana da lada kaza. Asalinta yana cikin Suratu Yusuf, inda aka yi shelar kayan raƙumi guda ga wanda ya zo da ma'aunin sarki da ya ɓace. A mazhabar Malikiyya an sharɗanta ladan ya zama sananne, kuma mai aikin ba ya da komai sai ya kammala, Risala ma ta ba da misali da haƙar rijiya. Masu wannan ra'ayi suka ce ai ladan Bitcoin sananne ne, aikin kuma yana da amfani ga masu mu'amala da kuɗin. Suka ƙara da cewa ya bambanta da caca, domin a caca abin da wanda ya ci ya kwasa shi ne abin da waɗanda suka faɗi suka zuba, alhali a nan kuɗin wanda bai dace ba ya tafi ga kamfanin lantarki ne, bai shiga aljihun wanda ya dace ba. Waɗansu malaman kuwa suka ƙi wannan ƙiyasi, suka ce ji'ala tana bukatar wani sananne da ya ɗauki alkawarin biya, wanda za a iya kai shi gaban alƙali, a nan kuwa babu kowa sai tsarin na'ura.

Sai dai saɓanin ya fi ƙarfi a kan kuɗin kansa. Muftin Masar na wancan lokaci, Shaihu Shauƙi Allam, ya ba da fatawar haramta mu'amala da Bitcoin a tsakanin ƙarshen 2017 da farkon 2018, saboda garari da hauhawa da faɗuwar farashinsa da rashin hukumar da ke tsaya masa. Hukumar harkokin addini ta Turkiyya ta nuna rashin dacewarsa a 2017. Majalisar malaman Indunusiya a 2021 ta hana amfani da shi a matsayin kuɗi. A ɗaya gefen kuma, majalisar shari'a ta hukumar kasuwar hannun jari ta Malesiya ta halatta cinikin irin waɗannan kadarori a 2020, matuƙar a kasuwannin da aka yi wa rajista ne.

Masu halattawa sukan kafa hujja da abin da ya zo a Mudawwana, cewa Imamu Malik ya nuna ko da fatu ne mutane suka yarda da su har suka zama kuɗin da ke gudana a tsakaninsu, to hukuncin musayar zinariya da azurfa zai hau kansu. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga mutanen Sakkwato, garin majema da jar fata. Kakanninsu ma a zamanin Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello da wuri suka yi ciniki, wani ɗan ƙoƙon halittar teku da ake kawowa tun daga tsibiran Maldib, wanda ba a ci ba a sha, kuma daga jam'insa ne aka sami kalmar kuɗi. Da shi aka biya sadaki, da shi aka sayi hatsi. Amma tarihin wuri yana da wani darasi na biyu. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 'yan kasuwar Turai suka riƙa jibgo wani irin wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar, har darajarsa ta zube, ya zama kuɗin ɗaukar kaya ya kusa cinye kayan. Abin da yardar mutane kaɗai ta ɗaga, janyewar yardarsu tana iya kayar da shi.

To, ko da mutum ya bi ra'ayin masu halattawa, sauran tambaya ita ce ko wannan sana'a tana yiwuwa ga matashin Sakkwato. A shekarun farko ana haƙar Bitcoin da kwamfutar gida, amma tun wajen 2013 aka ƙera na'urori na musamman da ba su da wani aiki sai wannan, suka kori ƙananan kwamfutoci daga fage. Ɗaya daga cikin sanannunsu, Antminer S19, tana jan wuta wat 3,250, watau yunit 78 a kwana guda idan ba ta tsaya ba. A watan Afrilu na 2024 aka sa wa masu layin Band A farashin naira 225 a kowane yunit. Bisa wannan lissafi, wutar na'ura ɗaya ta kama naira 17,550 a yini, fiye da naira dubu 500 a wata, ban da kuɗin sayenta da na shigo da ita. Abin da irin wannan na'ura ta riƙa samarwa bayan an rage lada a shekarar bai kai kuɗin wutar ba. Ga kuma zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato, ga ƙurar hunturu, alhali na'urar ba ta son zafi ba ta son ƙura. Shi ya sa manyan mahaƙa ke kafa rumbunansu inda lantarki ya yi araha ƙwarai, kuma da ƙasar Sin ta kore su a 2021 da yawansu suka koma Amurka da Kazakistan.

Wanda ya san wannan lissafi kuma ya ci bashi ko ya sayar da gonar gado ya sayi na'ura, ya faɗa cikin tozarta dukiya, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa Allah yana ƙinsa. Wanda kuwa ya ce zai gyara lissafin ta hanyar jona wuta ta bayan mita, to ya gina sana'arsa a kan sata, kuma babu saɓani tsakanin malamai a kan haramcin wannan. Hasali ma zaluncinsa ya shafi maƙwabta, domin su ne taransifoma za ta ƙone musu.

NA BIYU: DANGWALAR WAYA

Wannan shi ne abin da mafi yawan mutane ke nufi idan sun ce suna mainin. Tun a watan Maris na 2019 aka fito da manhajar Pi Network, wadda mutum ke latsa maɓalli sau ɗaya a kowane yini ana tara masa maki. A watan Mayu na 2024 wata mai suna Notcoin, da ke gudana a kan Telegram, ta mai da makin mutane kuɗin intanet da ake iya sayarwa, waɗansu kuma suka sami abin kirki da gaske. Labarinsu ne ya tayar da ƙurar. Nan da nan jama'a suka rufar wa Hamster Kombat, wadda masu ita suka yi da'awar ta tara 'yan wasa miliyan 300 a duniya. Ranar 26 ga Satumba, 2024 aka raba abin da aka daɗe ana jira, sai ga shi ɗimbin mutane sun tashi da 'yan daloli kaɗan bayan watanni suna dangwala dare da rana. Ita kuma Pi, da aka buɗe cinikinta ranar 20 ga Fabrairu, 2025, farashinta ya kusa dala 3 a makon farko, sa'an nan ya gangaro ƙasa da dala 1, alhali an daɗe ana yaɗa wa mutane a majalisu cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159.

Abin da ya kamata mai farawa ya gane shi ne yatsansa ba ya gadin wani littafi, wayarsa kuma ba ta lalubo wata lamba. To, me ake biyansa a kai? Ana biyansa ne a kan kasancewarsa a wurin. Yawan jama'a shi ne hajar masu manhaja: da shi suke karɓar kuɗin talla, da shi suke cika tashoshinsu da mabiya, da shi kuma suke shawo kan kasuwannin kirifto su karɓi kuɗinsu. Shi ya sa aikin da aka fi ba da maki a kansa shi ne kallon bidiyo da gayyato waɗansu. Ranar da aka buɗe ciniki kuwa, nairar da mai dangwala zai karɓa tana fitowa ne daga hannun wanda ya sayi kuɗin yana fatan zai tashi. Idan aka raba abu biliyan 100 ga miliyoyin mutane waɗanda duk burinsu su sayar a rana ɗaya, abin da ya sami wuri shi zai same shi.

Ta fuskar shari'a, ba za a kira wannan ijara ba, ba za a kira shi ji'ala ingantacciya ba, domin ladan majahuli ne. Mai aikin bai san nawa makinsa zai zama ba, bai san ranar biya ba, kuma masu manhajar suna da ikon sauya ƙa'ida ko soke rabonsa ba tare da ya sami inda zai kai ƙara ba. Mafi sauƙin fuskar da za a ɗora shi a kai ita ce alkawarin kyauta. Matuƙar mutum bai zuba ko kwabo ba, kuma ba a sa shi kallon batsa ko tallar caca ba, to da wuya a ce masa ya ci haram don ya karɓi kyauta, a wurin malaman da suka yarda cewa kuɗin intanet dukiya ce. Amma da zarar an ce ya sayi wani abu domin makinsa ya ninka, ko ya biya kafin a saki rabonsa, to ya ba da sananne domin ya sami majahuli, yana iya ci yana iya faɗuwa. Wannan shi ne cinikin garari da hadisin Muslim ya tabbatar da haninsa, kuma ƙofa ce ta caca.

Ko a inda babu haramci a fili, akwai hasarar da ba a cika lissafawa ba. Akwai kuɗin data da na caji. Akwai katin shaida da hoton fuska da mutum ke miƙa wa waɗanda bai sani ba. Mafi tsada duka shi ne lokaci, wanda hadisi ya nuna cewa bawa ba zai gusa ba ranar alƙiyama sai an tambaye shi yadda ya ƙarar da rayuwarsa da ƙuruciyarsa, da inda ya samo dukiyarsa da inda ya kashe ta. Watanni shida da ɗalibi ya ba wa dangwala sun isa ya haddace izu da dama, ko ya koyi gyaran waya ko haɗa sola, ko ma ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, ya zama cikin masu ƙera abin maimakon masu dangwala shi. An ga waɗanda ke fita daga sahu ana gama sallama, ba tasbihi ba addu'a, don kada lokacin tara maki ya wuce su. Zafin nema dai ba ya kawo samu.

Akwai kuma amanar gayyata. Mai kiran ƙanensa ko matarsa ko ɗalibinsa su shiga ta hanyarsa yana da riba a shigarsu, saboda haka wajibi ne ya faɗa musu hakan, kada ya yi shigar mai nasiha alhali shi dillali ne. Wanda ya riƙa zuzuta farashin da ya san babu shi don mutane su saya ya sami kasuwar da zai zubar da nasa, ya yi kama da mai najashi, watau mai ƙara wa kaya kuɗi a kasuwa don ya ruɗi mai saye, kuma Annabi ya hana wannan, ya kuma barranta daga mai algus.

NA UKU: HAYAR NA'URAR DA BA A GANI BA

Wannan shi ne mafi haɗari. Za a ce wa mutum akwai rumbun na'urori a wata ƙasa, ya biya naira kaza a kama masa hayar guda, kullum a riƙa zuba masa riba ƙayyadadda, in ya kawo mutum uku a ƙara masa matsayi. A kwanakin farko biyan yana zuwa daidai, har ya kira 'yan'uwa. Daga nan sai a wayi gari shafin ya rufe.

Misalin wannan ya faru a idon duniya. Kamfanin HashFlare ya sayar wa mutane hayar haƙa ta fiye da dala miliyan 570, alhali na'urorin da yake da su ba su kai ko kusa da abin da ya sayar ba, lambobin da masu zuba kuɗi ke gani a shafinsu kuwa ƙirƙira ce. An kama mutum biyu 'yan ƙasar Istoniya masu kamfanin a 2022, suka amsa laifinsu a gaban kotun Amurka a 2025. Mutanen Nijeriya kuma ba su manta da MMM ba, mai alkawarin ribar 30 cikin 100 a wata, wadda ta daskarar da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016, haka nan CBEX da ta rufe a watan Afrilu na 2025. Tufafin ne kawai ke sauyawa, wani lokaci taimakon juna, wani lokaci ciniki, wani lokaci haƙa, amma hanyar guda ce: a biya na farko da kuɗin na baya har ranar da na baya suka ƙare.

Fiƙihu ya tare wannan ta kowace kusurwa. In an ce haya ce, to sharaɗin haya a san abin da aka yi hayarsa kuma a iya miƙa shi. In an ce jari ne, watau ƙirali, to ba ya inganta a lamunce wa mai dukiya uwar kuɗinsa, ba ya inganta a yanka masa riba ƙayyadadda, sai dai kaso daga abin da aka samu, hasara kuma ta hau dukiya. In kuwa an lamunce masa kuɗinsa tare da ƙari, to ya zama bashin da ya jawo amfani, wanda shi ne riba. Wanda ya shiga da wuri ya fita da riba kada ya ɗauka ya tsira, domin abin da ya karɓa kuɗin wata bazawara ce ko na wani ɗan fansho da suka shigo a bayansa. Suratun Nisa'i ta hana muminai cin dukiyar junansu ta hanyar ɓarna, ta keɓe cinikin da aka yi bisa yarda, yardar da aka samo ta hanyar ƙarya kuwa ba yarda ba ce.

MATSAYIN HUKUMA DA SAURAN HAƘƘOƘI

A watan Fabrairu na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, ya janye hanin a watan Disamba na 2023. A shekarar 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa kadarorin intanet a ƙarƙashin kulawar hukumar kasuwar hannun jari ta ƙasa, ta kuma tanadi hukuncin ɗauri ga masu shirya irin damfarar da aka ambata. Bin hukuma a abin da ya shafi tsare dukiyar jama'a yana cikin ɗa'ar da addini ya yi umarni da ita. Saboda haka mai hankali zai bincika ko wanda ke neman kuɗinsa yana da rajista, yana da ofis, yana da sunan da za a iya kama shi da shi.

Wanda Allah ya ba wani abu ta hanyar da ya gamsu da halaccinta, to ya sani akwai haƙƙoƙi a kansa. Idan darajar abin da ya tara ta kai nisabi, watau kimar dinari 20 na zinariya, shekara kuma ta kewayo, malaman da suka ɗauke shi dukiya sun wajabta fitar da ɗaya cikin arba'in. Haka nan asusun kirifto yana da kalmomin sirri, galibi 12 ko 24, waɗanda in sun ɓace dukiyar ta tafi har abada, in kuma wani ya gan su ya kwashe ta babu mai dawo da ita. Wajibi ne mutum ya shirya yadda magadansa za su kai gare su bayan ransa, don kada haƙƙin marayu ya salwanta a cikin wayar da ba mai iya buɗewa.

NASIHA GA IYAYE DA MALAMAI

Ba daidai ba ne a tsaya ga zagin samari da kiransu malalata. Yaron da ya gama karatu shekara uku babu aiki, ga tsadar abinci da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023, in ya ga ƙofar da aka ce ba ta bukatar jari ba ta bukatar uban gida, dole zuciyarsa ta karkata. Neman na kai da yake yi abin yabo ne, hanyar ce ke bukatar gyara. Wannan gari yana da abin koyi a kan haka. An ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, duk da matsayinsa, yana tufka igiya ya ci daga guminsa. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen neman abinci, mai suna Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib, ya kuma hori Sarkin Katsina Ummarun Dallaje da ya raya masu sana'o'i a ƙasarsa. Hadisin Buhari ma ya fifita wanda ya ɗauki igiyarsa ya yo itace ya sayar a kan mai roƙon mutane. Abin da ya haɗa mai igiya da mai itace da majemi shi ne kowannensu ya san abin da ya ba mutane, ya san dalilin da ya sa suka biya shi.

Haka nan malamai, bai kamata su yi gaggawar cewa halal ko haram a kan abin da ba su bincika ba, domin hukunta abu reshe ne na fahimtarsa. Idan matashi ya zo da tambaya, sai a tambaye shi wanne daga cikin ukun nan yake nufi, a nemi masana na'ura masu tsoron Allah su warware yadda abin yake, sa'an nan a ɗora shi a kan ma'aunin shari'a. Fatawar da aka bayar a dunƙule takan sa mai halal ya shiga ƙunci, ko mai haram ya sami mafaka.

Shi kuwa mai niyyar farawa, ya riƙe tambayoyin nan uku ya gabatar da su ga duk wanda ya gayyace shi. In an ba shi amsa bayyananna, ya kai ta ga malamin da ya amince da ilminsa da tsoron Allahnsa, ya kuma zauna ya yi lissafin wuta da data da lokaci da alƙalami. In kuwa aka ce masa ya shiga tukuna zai gane daga baya, ko aka ce dama za ta wuce shi in ya tsaya tambaya, to wannan gaggawar kanta ta ishe shi amsa. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya nuna cewa tsakanin halal da haram akwai abubuwa masu rikitarwa, kuma wanda ya nisance su ya kuɓutar da addininsa da mutuncinsa. Arzikin da Allah ya rubuta wa bawa ba ya wuce shi don ya tsaya ya yi tambaya.

Allah ya azurta matasan Musulmi da sana'a mai albarka, ya wadatar da su da halal ga barin haram, ya tsare dukiyar bayinsa daga hannun mayaudara. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugaban manzanni, amin.